Shekarar da Gonarmu Ta Zama Filin Tamaula

Wurin nan na gabas da kasuwa, inda manyan motoci suke tsayawa lodin rake, kun tashi kun ji ana ce masa Fili, kuma ban taɓa jin ɗayanku ya tambayi filin mene ne ba. Filin tamaula ne, abin da ku kuke kira ƙwallo. Kafin nan kuwa gonar kakanku ce. Na ga ya kamata in rubuta muku yadda abin ya faru tun ina da sauran ido, domin waɗanda suka gani duk sun riga mu gidan gaskiya, labarin da ake ba ku a bakin titi kuma rabinsa ƙari ne. Abin da na gani zan ce na gani. Abin da aka faɗa mini zan gaya muku wanda ya faɗa, ku auna shi da kanku.

A lokacin garin nan ɗan ƙarami ne, zango ne kawai na masu jakuna tsakanin Makarfi da Ikara. Turawa suna cikin yaƙinsu, wanda daga baya mu nan muka riƙa ce masa yaƙin Bama. Ni saurayi ne, ban yi aure ba. Wana, Yaya Sale, yana da mata da 'ya guda. Mu biyu ne maza a wurin Baba. Gonaki biyu gare mu, fadamar rake a gangaren rafi, da gonar tudu a bakin gari, shimfiɗaɗɗiya kamar an daɓe ta, ba dutse ba kwari, ga itatuwan ɗorawa da Inna take samun kalwar daddawarta. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Baffa Tanko, ƙanen Baba ciki ɗaya, har da 'yar ƙofa a tsakani da mata suke bi. Baffa yaron dagaci ne. Shi ake aika kiran mutane, shi yake kai ruwa da itace bariki in Bature ya zo rangadi. Aiki ne da ba ya sa a so mutum, ko da kuwa bai yi wa kowa komai ba.

Bayan an gama girbi, wata ranar hantsi muna tara kara a gonar tudu, sai muka hango mutane tafe. Ga dagaci, ga Baturen da muke ce wa Mai Lofe saboda ba a ganin bakinsa ba lofe, ga Malam Ilu, malamin elementare da aka turo mana daga Zariya. A bayansu Baffa ne, da doguwar igiya naɗe a kafaɗa. Ba wanda ya ce mana komai. Malam Ilu ya kama bakinta ɗaya, Baffa ya ja ɗayan ya ratsa tsakiyar gonar, ana kafa turaku. Baba ya ajiye karan da ke hannunsa, ya je ya durƙusa ya gai da dagaci, sannan ya juya wajen ƙanensa.

"Tanko, lafiya?"

"Lafiya lau, Yaya. Igiya aka ce in riƙe."

"Wa ya nuna musu nan?"

Baffa ya dubi ƙasa. Dagaci ne ya amsa, ya ce, "Bature yana son wuri mai shimfiɗa kusa da gari. Za a ba ka wata, Malam Audu, ba za ka rasa wurin noma ba."

Baba ya ce, "Allah ya ja zamaninka," muka kwashe karanmu. Gonar da aka ba mu tana can hanyar Malikanchi, marmara ce da tsakuwa, in ka sara fartanya sai ta yi tsalle. Ko wa ya nuna musu gonarmu, har yau ban sani ba. Wasu sun ce Mai Lofe ne ya hango ta da kansa daga kan doki. Wasu sun ce dagaci ya daɗe yana jin haushin Baba kan wata shari'ar iyaka da Baba ya ƙi ba da shaidar da ake so. Baba kuwa tun a ranar ya gama yanke hukunci a zuciyarsa, ba wanda ya san gonar nan ciki da waje kamar wanda aka haifa ya yi rarrafe a cikinta.

Aka yi shelar gayya, irin gayyar da ba a ƙin zuwa. Muka tumɓuke kututture, muka baje kunyoyi, aka sare ɗorawar Inna tana kallo daga ƙofar gida. Muna aiki ana raɗe-raɗi. Wani ya ce jirgin sama ne zai riƙa sauka. Wani ya ce maƙabarta ce ta Nasara. Wani tsoho da ya taɓa zuwa aikin kuza ya ce shi ya san irin wannan fili, nan ake jera mutane a tuɓe musu riga a duba ƙirjinsu. Da aka matsa wa Malam Ilu da tambaya, ya yi dariya ya ce wasa za a riƙa yi, samari su riƙa buga wata fata mai iska da ƙafa. Wannan amsa ita ta fi tayar wa mutane da hankali. Ba wanda ya yarda cewa mutum mai hankali, mai mulkin ƙasa, zai sa a tashi gonar da take cika rumbu don a yi guje-guje. Da tamaular ta iso ma ba a bar ta ba. Aka ce fatar alade ce. Sai da aka kai ta wurin dukawa suka juya ta, suka shinshina, suka ce ta saniya ce, sannan liman ya ce to, shi bai ga haramci ba, amma bai ga amfani ba.

Baba ya tara mu ya ce ba wanda zai taka wurin nan daga gidansa. Bai yi wata guda da faɗa ba Yaya Sale ya taka. Ku ba ku san shi da ƙuruciyarsa ba, kun san shi yana tsoho mai shiru. A lokacin ba wanda yake kama shi a langa daga nan har Nasarawan Doya. Ranar da ya fara taɓa tamaula kamar dama an yi ta don ƙafarsa. Ni ma ban daɗe ba na bi shi, kuma da yake ina da tsawo da manyan hannuwa, Malam Ilu ya sa ni tsaron gida. Baba ya sani. Sai ya daina bin wannan hanya, ko kasuwa za shi sai ya zagaya ta marina.

Ba zan ɓoye muku ba, filin nan ya yi kyau, kuma mun so shi. An kewaye shi da gajeriyar katanga iya ƙugu. An yi rumfar zana a gefen yamma, da benci na dagaci da baƙi. Turakun gida na azara ne, layi kuwa da toka muke zubawa, yara su yi ta bin gidaje suna karɓo ta. Rigunanmu marina muka kai aka tsoma su a baba, saboda haka in gumi ya karyo sai jikinmu ya koma shuɗi. Ba takalmi. Malam Ilu ya shirya da malaman wasu garuruwa, muka riƙa karawa da samarin Hunkuyi da na Kudan da na Malikanchi, wani lokaci su zo, wani lokaci mu taka mu je. Ranar wasa masu kalangu suna bakin katanga, masu ƙosai da fura suna bayansu, Fulani su tsaya da sanduna a kafaɗa suna mamakin abin da ya sa ba za a ba kowa tasa fatar a huta ba. Tsofaffin da suka fi kowa zagin abin, su ne ka ga sun zo da buzayensu na zama tun la'asar ba ta yi ba. Amma ko a cikin wannan daɗi zargin bai mutu ba. In Mai Lofe yana gari sai ya zauna a rumfa, ya riƙa nuna wannan da wancan da bakin lofensa, tafinta yana gaya masa sunaye. Masu lura suka ce ba tamaula yake kallo ba, ƙafafu yake kallo.

Cikin rani, lokacin matsar rake, aka sa ranar babban wasa da Hunkuyi. Ana saura kwanaki sai wani mai jakuna da yake zuwa sayen mazarƙwaila ya ce a wani gari can gaba da Kudan an yi irin wannan wasa, bayan an tashi aka zo aka kwashe 'yan wasan zuwa soja. Da aka tambaye shi wane gari, ya ce shi ma ji ya yi. Mutumin nan an san shi da ƙarin gishiri, sai aka bar maganar tana yawo ba uba. Ana nan, wata rana bayan azahar, Baba yana tufkar igiyar rama a zaure, ni da Yaya Sale muna gyaran sirdin dokin injin rake, sai muka ji sallamar Baffa. Rabonsa da zaurenmu tun ranar igiya. Ya tsuguna nesa da tabarma, aka gaisa gaisuwar da ba ta da ɗumi.

Ya ce, "Yaya, wasan nan da za a yi, kada yaran nan su shiga."

Baba bai ɗaga kai ba. "Don me?"

"Akwai baƙo a bariki. Ba irin waɗanda suka saba zuwa ba ne. Kakinsa daban, yaransa kuma in ya wuce ƙamewa suke yi."

"Me ka ji?"

"Ban ji komai ba. Turanci suke yi. Ni dai na faɗi abin da na gani."

"Mai riƙe musu igiya bai ji komai ba," in ji Baba. "To, mun gode."

Baffa ya daɗe a tsugune kamar zai ƙara wani abu, sannan ya tashi ya fita.

Yana fita gida ya ɗauki magana. Baba ya ce tarko ne. In 'ya'yansa biyu suka ƙi fitowa ranar da Bature ya kawo baƙo, gari ya sha kunya a hannun Hunkuyi, dagaci ya sami abin da yake nema, a ce gidan Malam Audu gidan masu taurin kai ne, fadama ma ta bi gonar tudu. Ya ce in ba haka ba, yaushe Tanko ya fara jin tausayinmu? Inna tana bayan ƙofa, ba ta saba sa baki a maganar zaure ba, amma ranar ta sa.

"Malam, mutumin nan tsoro na gani a tafiyarsa. Mai kafa tarko ba ya tafiya haka."

"Tsoron ubangidansa yake ji."

"To, in tsoron ubangidansa ne, me ya kawo shi nan?"

Yaya Sale kuwa dariya ya yi. Ya ce tun ranar da aka kafa turke ake cewa za a kwashe mu, ga shi har an ci sabuwar dawa ba wanda aka kwasa. Ya ce in soja ake nema, ai dagaci ya san ƙofar kowa, ba sai an wahala da share fili ba. Maganarsa akwai hankali a ciki, ta Baba akwai, ta Inna akwai. Muka zuba wa Baba ido. Ya ja igiyarsa ya ja, can ya ce, "Tun farko na hana ku, ba ku ji ba. Yau ban sa ku ba, ban hana ku ba." Ban taɓa ganin Baba ya kasa yanke magana ba sai ranar. Ya rasa wanda ya fi zargi, ƙanensa ko Bature.

Ni tsoron da Inna ta gani a tafiyar Baffa ne ya tsaya mini a rai. Washegari na sami Malam Ilu a bayan makaranta yana hura tamaula, na ce masa ya nemi wani mai tsaron gida, ni ina fadama. Ya ajiye famfon ya dube ni.

"Har da kai, Haladu?"

"Malam, baƙon nan me ya zo yi?"

"Wallahi ban sani ba. An ce mini abokin Bature ne, yana son kallo."

Na yarda da rantsuwarsa. Abin da ya ƙara tsorata ni ke nan, domin in shi da yake jin Turanci bai sani ba, to ba a so a sani ne. Ya ce mini wasa wasa ne, a ƙasar Turawa kowane ƙauye yana da fili. Na ce masa na ji, amma ina fadama.

Ranar wasa ina can ina kora doki yana zagaya injin rake, ruwan yana tsiyaya, tukunya tana tafasa. Daga nan ana jin kalangu. In aka yi shewa sai in tsaya in yi ƙoƙarin gane ko mu ne muka ci ko mu aka ci. Duk ƙarar da ta taso sai in ce yanzu ne aka rufe ƙofar katanga. Har rana ta yi sanyi ban ga mai gudu ya nufo rafi ba. Sai ga yara suna tsalle, an cinye Hunkuyi, Yaya Sale ne ya zura ta ƙarshe. Baƙon ya tafa, ya sauko ya ba 'yan wasa hannu, ya koma bariki, da safe ya tafi. Ba a taɓa ko mutum ɗaya ba. Daga ranar sunana ya tashi daga mai tsaron gida ya koma Mai Tsaron Doki. Kun ji tsofaffi suna kirana haka kuna zaton don na yi kiwon dawaki ne. Abokaina suka daina nemana, in na doso dandali sai a fara haniniya. Ba a sake ba ni riga mai shuɗi ba, ni ma ban nema ba. Baba ya ce, "Ka ga abin da Tanko yake so ke nan. Bai sami biyu ba, ya sami ɗaya ya mai da shi abin dariya." Na fara tunanin ko gaskiyar Baba ne.

Gab da faɗuwar damina, wata safiya muna shirin tafiya sharar gona, aka yi sallama. Baffa ne, amma bai shigo ba, a waje ya tsaya kamar yadda yake tsayawa a ƙofar kowa in an aiko shi. Ya ce dagaci yana kiran Sale a ƙofar fada, ya zo da bargonsa. Muka bi shi. Muka tarar da samari a zaune a ƙasa, ga wasu masu kaki a tsaye. Yawancin waɗanda aka kira 'yan tamaula ne. Amma akwai waɗanda ba su taɓa taɓa ta ba, akwai kuma gwanaye da ba a kira ba, cikinsu har da ɗan 'yar'uwar dagaci. Saboda haka kowa ya sami abin da zai riƙe. Mai cewa filin ne ya ci su yana da hujja, mai cewa ba ruwan fili yana da tasa. Ni ba a kira ni ba. Yaya Sale bai yi gardama ba, bai ma ɗaga ido ya dubi Baba ba. Aka tasa su a ƙasa zuwa tashar jirgi. Inna, da yake ɗan farinta ne, ba ta taɓa kama sunansa ba tun da ta haife shi, kuma al'ada ba ta ba ta damar kuka a gaban mutane saboda shi ba. Da na dawo na same ta tana tankaɗe garin da ta riga ta tankaɗe. Abin da ta ce kawai shi ne, "Wancan ya ɗauki bargo mai kauri kuwa?"

A ranar Baba ya kwaɓa ƙasa da hannunsa ya toshe 'yar ƙofar da ke tsakaninmu da gidan Baffa. A ganinsa magana ta fito: Tanko ya sani tun farko, ya san abin da aka share filin dominsa, ya zo ya yi rabin gargaɗi don ya wanke kansa, sannan ya zo da bakinsa ya kira yaron. A ganin Inna kuwa, mutumin ya sa wuyansa ne ya cece mata ɗa guda. Ba su sake yin maganar a gabana ba, amma kowa ya mutu da nasa. Ni ina tsakiya. Waɗanda suka yi mini haniniya suka koma kallona da wani ido, ana cewa yaya aka yi ya san ya ɓuya, ai ɗan'uwan yaron dagaci ne, an raɗa masa. Da ana ce mini matsoraci, yanzu ana ce mini ɗan gida. Akwai iyayen da har suka mutu ba sa amsa gaisuwata da sakin fuska.

Filin kuwa ya mutu a wannan damina. Ba uwar da za ta bar ɗanta ya je. Wani ya shiga makaranta ya farke tamaular da wuƙa, ba a san ko wane ne ba, ba a kuma bincika ba. Malam Ilu ya yi ta bin gidaje yana rantsuwa, ba mai sauraro, daga baya ya nemi a mai da shi wani gari. Ciyawa ta rufe layin toka, gara ta ci azarar, ruwa ya zubar da katangar kaɗan-kaɗan. Ba a mayar mana da gonar ba, ba kuma wanda ya yi ƙarfin halin shuka ko kuɓewa a ciki, wai na Bature ne. Sai bayan yaƙi da daɗewa 'yan makaranta suka sake buga wani abu a gefe guda. Daga baya aka kafa sikelin auduga a wurin rumfar, kasuwar auduga ta ci shekarunta ta tashi, masu motoci suka gaje wurin. In kuka duba bayan shagon mai faci za ku ga wani ɗan tudu dogo, ragowar katangar ke nan.

Baba ya rasu Yaya Sale bai dawo ba. Ciwon bai daɗe ba. Baffa ya zo jana'iza, ya tsaya a sahun baya kamar baƙo, ba wanda ya ce masa ya matso. Bai daɗe ba shi ma ya bar aikin dagaci, idonsa ya fara yin hazo, kunnensa ya yi nauyi.

Da yaƙi ya ƙare wasu suka dawo, wasu ba su dawo ba. Yaya Sale ya dawo a rame, da manyan takalma da zazzaɓin da yake kayar da shi duk bayan 'yan kwanaki. 'Yarsa ta gudu da ta gan shi. Ba ya son hira, sai dai ya shiga ɗakin Inna su daɗe. Wata rana muna saran rake a fadama, ya zauna a kan kunya yana haki, ya ce in zo.

"Haladu, Baba ya tafi yana riƙe da Baffa?"

"Yana riƙe da shi."

"Ba Baffa ba ne. Ni ne. Ranar wasan Hunkuyi, bayan an watse, na bi tafinta har bakin bariki. Na ce masa in ana neman mutane a sa da ni."

Na ajiye addata. Na tambaye shi dalili. Ya ce ya tsaya a gonar marmarar nan ya duba shekarun da ke gabansa, bai ga komai ba sai tsakuwa. Ga shi baƙon ya sa an gaya musu cewa a barikin soja akwai fili mai ciyawa, ana buga tamaula da takalmi. Na ce to, ya buga? Ya ce ko sau ɗaya bai gan ta ba, kaya ya yi ta ɗauka a ka cikin dajin da rana ba ta sauka ƙasa. Na ce me ya hana shi faɗa kafin ya tafi? Ya ce ya so, ya ga fuskar Baba a ƙofar fada, bakinsa ya ƙi buɗuwa.

"Sauran samarin fa?"

"Ban sani ba. Nawa na sani."

Ya kamata in ji sanyi a raina, amma ban ji ba. Na san Inna ba ta da burin da ya wuce ta ga gidajen nan biyu sun koma cin tuwo tare kafin ta mutu. Na san daɗewar da yake yi a ɗakinta. Na san kuma mutumin da ya ga abin da ya gani, ɗaukar laifin da ba nasa ba ba zai yi masa nauyi ba. Ya ce in raka shi wurin Baffa, na raka shi.

Muka same shi a gindin bishiyar ƙofar gidansa bayan la'asar. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya tambayi gajiya, ya tambayi jiki, ya tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya kamar ba katanga ɗaya ce tsakaninmu ba. Yaya Sale ya matsa kusa da kunnensa ya faɗa masa duk abin da ya faɗa mini. Baffa ya saurara har ƙarshe, fuskarsa ba ta canza ba.

"Uwarku ce ta aiko ku?"

"A'a, Baffa."

Ya juyo inda yake jin numfashina. "Kai fa, Haladu, ka yarda da shi?"

"Ban sani ba, Baffa."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ni ba ni nake da bukatar jin wannan ba. Gobe da safe ku zo ku kai ni maƙabarta. Ka faɗa a can yadda ka faɗa a nan. In bakinka ya iya faɗa a can, na yarda."

Da safe muka je muka ɗauke shi, yana riƙe da kafaɗata. Ni na san wurin, kusa da wata aduwa. Muka yi sallama ga mutanen kabari, muka tsuguna, muka yi addu'a. Sannan Yaya Sale ya matsa gaba shi kaɗai, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya sunkuyar da kai. Ya daɗe a haka. Ina ganin gefen fuskarsa, ina ganin leɓensa yana motsi, hawaye yana bin gemunsa, amma ko kalma ɗaya ba ta iso kunnena ba. Ko maganar yake faɗa, ko gafara yake nema, ko addu'ar ce yake maimaitawa, Allah ne ya sani. Baffa ya matse mini kafaɗa.

"Ya faɗa?"

"Na ga bakinsa yana motsi, Baffa."

"Ba ka ji ba?"

"Ban ji ba."

Ya ɗan jima yana fuskantar kabarin wansa da idanun nan nasa masu hazo. Sannan ya shafa addu'a, ya miƙa ɗaya hannun yana laluben Yaya Sale har ya kama shi, ya dogara da mu biyu ya miƙe.

Ya ce, "Wanda aka zo dominsa ya ji. Mu je gida."